Munshari a Turakar Malam

Kwana arba'in da biyar da rasuwar kakanmu aka fara jin munshari a turakarsa. Gidanmu tsohon ginin ƙasa ne a cikin birnin Katsina, ba nisa da hasumiyar Gobarau, turakar kuwa soro ce mai rufin azara, an garƙame ta da kwaɗo tun ranar sadakar uku. Mabuɗin yana ƙulle a bakin zanin kakarmu, Hajiya, wadda take cikin takaba, ita ce ma ta fara ji. Ta tashi nafila cikin dare sai ta jiyo numfashi mai ja, irin na tsoho mai ciwon ƙirji, ga shi kowa ya san ciwon ƙirji ne ajalin Malam. Bayan kwana biyu ƙanwata ta fito kama ruwa, ta ga wani farin abu ya gifta saman soron shiru, ko motsin iska babu. Ta yar da buta ta kurma ihu. Kafin hantsi zance ya karaɗe unguwa, wai fatalwar Malam ta dawo.

Gida ya rabu biyu. Gwaggo, babbar 'yar mamacin, mace ce da salla ba ta wuce ta, amma ta yarda da duba kamar yadda ta yarda da jiƙon sabara. Ƙaninta Baffa kuwa tun yana saurayi ya bi Izala, ƙungiyar da Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ko laya ya gani a wuyan yaro sai ya tsinke ta.

"Yaya, mamaci ba ya dawowa," in ji Baffa. "Yana barzahu har tashin ƙiyama. In ma da wani abu a ɗakin nan, aljani ne, a yi karatu."

"To shiga ka karanta mana," in ji Gwaggo.

Bai shiga ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya ya yi ruƙiyya, da rana tsaka, ya kuma ɗauke shimfiɗarsa daga ɗakin da ke jikin turakar ya koma zaure.

Sai ga wata dillaliya da ke shigo mana da atamfa da kwanonin sha, ta ce ta san wani malami a bayan gari. Ni na raka Gwaggo, ni ke riƙe da kafin alƙalami. Mun same shi da carbi a wuya, alluna jingine da bango, gabansa faifai cike da rairayi. Ya shafe rairayin da tafin hannu, ya dinga ɗiga yatsa layi-layi ba tare da ƙirgawa ba, sa'an nan ya bi yana share ɗigon biyu-biyu, abin da ya saura a kowane layi, ɗaya ko biyu, ya zana shi a gefe. Bugun ƙasa ke nan, gidaje 16 gare shi, masu yin sa kuma suna jingina asalinsa ga Annabi Idrisu. Ya ɗago ya ce mamacin namiji ne, malami, mai ciwon ƙirji. Ya ce akwai bashin hatsi a kansa, buhu uku na gero, shi ya hana shi kwanciya. A biya, a kuma kawo baƙin rago marar tabo.

Gwaggo ta fashe da kuka. Ni kaina gabana ya faɗi, domin babu wanda ya san da bashi a gidanmu. Da muka dawo aka tura kasuwa aka tambaya, wani mai sayar da hatsi ya ce ƙwarai, buhu uku ne, nauyin a zo yi masa ta'aziyya da zancen kuɗi ne ya hana shi magana. Ranar Baffa bai ci tuwo ba.

Na kwana da tambaya biyu: me ke numfashi a ɗakin, kuma ina mai duba ya samo zancen gero? Na fara da ta farko don ita ce a kusa. Dare uku ina zaune a tsakar gida da tocila. Abin da na fara lura, munsharin ba ya tafiya bai ɗaya kamar na mai barci. Sai ya yi tsit tsawon lokaci, sai ya ɓarke gaba ɗaya, kuma in ka kasa kunne sosai murya ba ɗaya ba ce, uku ce ko huɗu suna hawa kan juna. Malam dai mutum ɗaya ne. Na biyu, daga sama sautin yake fitowa, wajen azara, gadon Malam kuwa a ƙasa yake. Da safe na zaga bayan soron ta lungu, na ga ruwan damina ya zaftare gefen ƙaramar tagar sama, farin kashi ya zubo a jikin bango, a ƙasa kuma ga wasu baƙaƙen dunƙule kamar dabino. Na murje ɗaya da tsinke, gashi ne da 'yan ƙasusuwa, har da kan ɓera da haƙoransa.

Na roƙi Hajiya mabuɗin. Ta daɗe tana kallona kafin ta kwance shi, ta ce, "Ka yi bisimilla, ɗan nan." A kan katangar da azara ta hau, a wani lungu, 'ya'yan mujiya huɗu ne a tsugune, fuska fara kamar an shafa musu alli, suna huci suna karkaɗa kai. Irin farar mujiyar nan ce mai kwana a tsofaffin gine-gine. Gashin fikafikanta laushi gare shi, shi ya sa tashinta ba ƙara, abin da ba ta iya narkarwa na ɓera kuma ta baki take amayar da shi. Munsharin nan kukan yunwa ne, in uwa ta kawo abinci sai su ɗauka tare. Ƙwanta yakan yi wajen wata guda kafin ya ƙyanƙyashe. Ka lissafa daga ranar da aka kulle ɗaki ƙafa ta ɗauke, ka ƙara 'yan kwanakin da 'ya'yan za su tasa, za ka faɗo bayan arba'in.

Saura gero. Wannan Hajiya ce ta warware shi, ba ni ba. Da ta ji sunan mai hatsin sai ta ce ai matarsa 'yar ɗakin dillaliyar nan ce, adashi ɗaya suke zubi. Aka aika a kira dillaliya, ta ce ba ta da lafiya. Ba ta sake taka gidanmu ba. Daga baya wata maƙwabciya ta faɗa mana kan kowane mutum da ta kai wa mai duban akwai kasonta.

Na daɗe ina juya abin da ya sa Gwaggo ba ta ga karo tsakanin sallarta da faifan rairayin nan ba. A ganina carbin da allunan ne. Da ɗan bori ta tarar yana girka, da ba ta zauna ba. Kuma abin ya daɗe a cakuɗe da malanta a ƙasar nan: Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen malamin da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan lissafin hatimai da ilimin taurari, har yau ana ambatonsa cikin manya. Amma a wannan gaɓar gaskiya tana wajen Baffa. Yarda da samuwar aljannu cikin addini take, sura guda aka saukar da sunansu. Cewa wani ya san gaibu, ko kurwar mamaci tana yawo tana neman rago, wannan kam ya saɓa. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Aljannun ma, kamar yadda labarin ya zo a Suratu Saba'i, sun ci gaba da wahalar aiki a gaban Annabi Sulaimanu bayan ya rasu a dogare da sandarsa, ba su sani ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Baffa ya sha kawo mana wannan labari. Sai dai na lura da ya zo wajen garar yakan kauce wa idona, tunda shi ma mako biyu ya yi a zaure saboda 'ya'yan tsuntsu.

Bashin an biya shi ranar Juma'a, kafin a taɓa gado, yadda shari'a ta tsara. Kuɗin ragon Gwaggo ta ƙara a kai ta sayi gero aka yi fura aka raba wa almajirai. Yaran unguwa suka zo da danƙo za su kashe mujiyoyin, wai mugun tsuntsu ne, Hajiya ta hana. Ta ce tunda suka tare ɓera bai sake taɓa mata buhun masara ba, a bar su su yi fiffike su tashi, sa'an nan a kira magini ya toshe tagar.