Salansar Wani Babur a Jikin Wani: Inda Take Dacewa da Inda Take Ɓarna

Salansar babur tana yin aiki uku a lokaci guda. Tana kwashe hayaƙi mai zafi daga injin ta fitar da shi baya, tana rage ƙarar fashewar fetur a cikin silinda, sannan tana taimaka wa injin ya shaƙi sabuwar iska. Aiki na ukun nan shi ne wanda ido ba ya gani, kuma shi ake yawan mantawa da shi idan salansa ta ruɓe ko ta fashe, mai babur ya nufi kasuwa neman wadda za ta maye gurbinta. A wurare irin su Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a shagunan da ke sarin kaya daga Nnewi, akan samu salansa iri-iri, sababbi da na hannu, kuma ba kullum ake dacewa da ta ainihin babur ɗin ba. Daga nan ake fara tambayar ko ta Jincheng za ta hau Boxer, ko ta Haojue za ta zauna a jikin Honda.

Abu na farko da bakanike ke dubawa shi ne bakin salansar, wato inda take haɗuwa da kan injin. A yawancin ƙananan babura, noti biyu ne ke riƙe ta a can, da wani zobe na jan ƙarfe ko makamancinsa da ke toshe kafar iska. Dole faɗin bakin da tazarar notunan su yi daidai. Kan injin da alminiyam ake yin sa, ƙarfe ne mai laushi, don haka idan aka tilasta noti ya shiga a karkace, zaren ramin yakan cinye, wani lokaci ma ƙusar ta karye a ciki. Gyaran wannan ya fi kuɗin salansar ciwo. Zoben kuwa sau ɗaya yake matsewa da kyau. Wanda aka cire daga tsohuwar salansa ba kasafai yake sake toshewa ba.

Bayan baki sai hanya. Bututun yana lanƙwasawa ne bisa ƙirar babur ɗin da aka yi shi dominsa: ya kauce wa birkin ƙafa, da kik, da wurin zuba baƙin mai, da tayar baya idan babur ya ɗauki kaya ya duƙa. Maƙalinsa na baya kuma yana da ramin da ya dace da wani wuri a jikin firam. Salansar da aka ja da ƙarfi aka ɗaure, ko da ta zauna ranar farko, tana cikin takura, kuma girgizar hanya za ta tsaga ta a wuyanta ko a wurin waldar maƙalin.

Inda musanya ta fi sauƙi shi ne tsakanin baburan da injinsu ya fito daga tsatso ɗaya. Kamfanin Honda ya fitar da CG125 a shekarar 1975, babur mai injin tsaye wanda aka ƙera domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma gyara ke da wuya. Kamfanonin China da dama sun kwaikwayi wannan injin, shi ya sa baburansu masu 125cc ke yawan karɓar kayan juna. Haka abin yake ga masu injin kwance, irin waɗanda ake kira roba-roba, da suka gaji tsarin Super Cub na 1958: ƙofar hayaƙinsu a ƙasan kan injin take, bututun kuma gajere ne. Baburan Indiya irin su Bajaj Boxer da TVS HLX suna da tasu ƙirar dabam, don haka kayan dangin CG ba sa hawa kansu kai tsaye. Ko a cikin gida ɗaya ma akwai bambanci, domin salansar Boxer mai 100cc ba a auna ta da hayaƙin mai 150cc ba.

A nan ne maganar shaƙar iska ta shigo. Hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita. Injin mai bugu huɗu da ke juyawa sau 6,000 a minti yana tura hayaƙi sau 50 a kowace daƙiƙa. Kowane turi yana gudu cikin bututu, ya bar ɗan gurbi a bayansa, wannan gurbin kuma yana jawo ragowar hayaƙin da ke cikin silinda, har ya taimaka wa sabon haɗin iska da fetur ya shigo. Faɗin bututu da tsawonsa su ke tsara lokacin da wannan jan zai zo. Idan bututun ya yi wa injin faɗi, hayaƙin yakan rage gudu, jan ya yi rauni, sai babur ya rasa ƙarfin tashi da na hawan tudu, wanda shi ne ƙarfin da ɗan acaɓa da mai dakon buhuna suka fi buƙata. Idan kuma ya yi masa ƙunci, injin yakan shaƙe a babban gudu, ya yi zafi, ya ƙi buɗewa.

Injin mai bugu biyu, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka yi bisa tsarinsa, ya fi kowane dogara da salansarsa. Ba shi da bawul. Fistin ne da kansa ke buɗe ƙofar hayaƙi ya rufe, kuma akwai lokacin da ƙofar shiga da ta fita duk a buɗe suke. Abin da ke hana ɗanyen fetur zurarewa waje shi ne turin da ke dawowa daga cikin salansa a daidai lokaci. Injiniyan da ya shahara wajen sarrafa wannan dabara shi ne Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, a shekarun 1950.  Saboda wannan dogaro da turin da ke dawowa, salansar mai bugu huɗu ba ta da wurin zama a jikin mai bugu biyu: ƙarfi zai ragu, shan mai ya ƙaru, ƙananan ramukan cikinta kuma su toshe da baƙin maiƙon da irin wannan injin ke fitarwa.

Duk sauyin da aka yi wa hanyar fitar hayaƙi yana taɓa kabureta. Salansar da ta fi ta asali buɗewa, musamman wadda aka farke cikinta don ta yi ƙara, tana iya sa iska ta rinjayi fetur a cikin haɗin. Alamominsa su ne tas-tas a salansa idan aka saki totur, da fulogi mai fari fat, da zafin injin fiye da kima. Baburan nan iska ce kawai ke sanyaya su, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan wuce digiri 40. A irin wannan yanayi, haɗin da fetur ya yi masa kaɗan yana iya ƙona bawul ko ya lalata fistin. Fulogi baƙi mai toka kuwa yana nuna fetur ya yi yawa ko salansar ta shaƙe injin. Launin da ake so shi ne ruwan ƙasa mai haske. Maganin shi ne a sake saita kabureta, wani lokaci har a canza jet, amma kafin nan a tabbatar iska ba ta shiga ta bakin salansa, domin ita ma tana kawo tas-tas ɗin.

Sababbin baburan da ba su da kabureta, waɗanda kwamfuta ke auna musu fetur, da yawansu suna da wata 'yar na'ura a jikin bututu mai auna iskar da ta rage cikin hayaƙi. Salansar da ba ta da ramin wannan na'ura ba ta dace da su ba.

Mai walda na iya gyara abubuwa da dama: ya matsar da maƙali, ya yanke bakin tsohuwar salansa ya jona a sabuwa, ya sassauta lanƙwasa. Aikin da ya fi inganci shi ne a bar bututun asali a canza tulun baya kaɗai, da wanda ya fito daga babur mai girman injin iri ɗaya. Abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba shi ne murfin da ke kare ƙafa. Wuyan salansa yana kai ɗaruruwan digiri na zafi, kuma ƙunar ƙwauri sananniya ce a wurin fasinjoji, musamman yara da mata masu dogon hijabi. Ƙarar salansar da aka farke ita ma ba ado ba ce, domin zama cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 na tsawon sa'o'i a kullum yana rage ji a hankali, kuma direban ne ya fi kowa kusa da ita.

Salansar da ta fito daga injin mai tsari ɗaya da girma ɗaya, ta zauna ba tare da an ja ta da ƙarfi ba, aka sa mata sabon zobe, aka kuma duba fulogi bayan 'yan kwanaki, za ta yi aiki kamar ta asali. Wadda ta gaza ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, arhar da aka samu wajen sayenta a fetur da gyaran injin za a biya ta.