Ƙafar Motar Gudu: Yaushe Taushi Ke Zama Illa a Filin Tsere?

Duk wanda ya taɓa ganin hoton Mazda MX-5 tana shan kwana a filin tsere zai lura da yadda take kishingiɗa gefe guda, kamar kwale-kwalen da lodi ya rinjaya. An fara nuna wannan 'yar mota mai kujera biyu a birnin Shikago a 1989, zuwa 2016 kuma an ƙera guda miliyan ɗaya, tana kuwa cikin motocin da masu sha'awar gudu suka fi kaiwa fili a Amurka da Ingila. Da yawa daga cikinsu, ranar farko suke dawowa gida da hukunci: ƙafarta ta yi taushi, sai an sauya sifirin da shakazoba. A ganina mafi yawansu sun yi gaggawa, domin hoto suka kalla, ba su tambayi taya ba.

Idan mota ta shiga kwana, nauyinta yakan koma kan tayoyin waje. Yawan abin da ke komawa ya dogara da nauyin motar, da nisan cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu, da ƙarfin da aka shiga kwanar. Taurin sifirin kusan ba ya cikin wannan lissafi. Abin da yake sauyawa shi ne saurin isar nauyin, da yadda ake raba shi tsakanin gaba da baya. A taurara gaba fiye da kima, mota ta ƙi jin sitiyari ta miƙe. A taurara baya, sai bayan ya zame ya nemi wuce gaba.

Taushin ma da aikinsa. Shi ke sa taya ta bi kwalta sau da ƙafa, ta sauka inda hanya ta sauka, ta hau inda ta hau. Tayar da ta yi tsalle, ko na ƙiftawar ido ne, ba ta riƙe komai. Tsohon filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, cike yake da gargada da tudu da gangare, kuma motar da aka ɗaure ta tamau takan wahala a can. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus a Ingila, ya yi suna da ƙera mota marar nauyi mai sifirin mai taushi, sannan a bar wa shakazoba aikin kwantar da motsi. Lotus Elan ta 1962 a kan wannan tunani aka yi ta, kuma ita masu ƙera MX-5 suka yi koyi da ita.

To me ya sa motocin Formula 1 suke da tauri kamar katako? Iska ce ke danna su ƙasa da ƙarfi mai yawa, dole tsayinsu daga kwalta ya zauna daram. Injiniyoyi kan auna tauri da yawan lilon da mota ke yi a daƙiƙa guda: motar gida tsakanin 1 da 1.5, motar gudu wajen 2, mai fukafukan iska kuwa 3 zuwa sama. Ko su ɗin suna biyan farashi. A gasar Baku ta watan Yunin 2022, direba Lewis Hamilton da ƙyar ya fito daga motarsa saboda ciwon baya, don irin bugun ƙasa da ta yi ta yi da shi. Motar da ba ta da fukafuki ba ta da dalilin kwaikwayon wannan.

Amma taushi yakan yi yawa, kuma akwai hanyar ganewa da ba ta cin kuɗi. A ɗaura ɗan siririn maɗaurin roba, irin wanda ake ɗaure wayoyin lantarki da shi, a jikin sandar shakazoba, a tura shi ƙasa. Bayan zagaye biyar ko shida a duba. Idan ya haura har ya matse a jikin robar da ke tare ƙarshen motsi, kuma haka yake yi a kowace fita, ƙafar ta ƙure. Lokacin da ta ƙure a tsakiyar kwana, taushin ya ƙare nan take, mota ta koma mai tauri ba shiri, abin da ke sa ta kuɓuce wa direba ke nan.

Sai taya. A ja layi da alli daga saman tayar ya gangaro kafaɗarta. In allin ya goge har gefen da ake rubutu, tayar tana naɗewa. Masu na'urar auna zafi sukan taɓa wuri uku da zarar mota ta tsaya: ciki, tsakiya, waje. Ana so ciki ya ɗan fi zafi. Idan waje ne ke ƙuna, motar kan kafaɗar taya take tafiya. Ko a nan ɗin, sau da yawa maganin shi ne a daidaita iskar tayar, ko a gyara saitin ƙafa yadda kan tayar zai ɗan karkata ciki.

Alamar da na fi ba wa muhimmanci tana bayyana a kwana mai biye da kwana, hagu sannan dama. Direba ya juya sitiyari, amma sai ya jira bodi ya gama dawowa kafin mota ta amsa. In kuma tana ci gaba da lilo bayan ta taka tudu, a fara zargin shakazoba, wataƙila ta gaji ko tana yoyon mai. Sabon sifirin a kan gajiyayyar shakazoba ƙara lalata tafiya yake yi.

Akwai lokacin da sauyi ya wajaba: idan an sa tayoyin tsere masu danƙo, riƙo ya ƙaru, kishingiɗa ta ƙaru, ƙafar da kamfani ya auna da tayar titi ba za ta wadatar ba. Kafin nan, mai koyo ya fi amfana da mota mai taushi, domin tana gargaɗinsa tun kafin ta zame. Don haka mai karatu, kafin ka kai ta gareji, ka ɗaura maɗaurin, ka ja allin, ka rubuta lokacin kowane zagaye, kuma in za ka sauya, ka sauya abu ɗaya tak kafin ka koma fili.