Shayi Mai Kauri Ba Asfirin Ba Ne

A teburan masu shayi, daga Jajimaji zuwa Nguru da Gashuwa, wata magana tana yawo: wai koko, wanda ake yin cakulan da shi, yana tsinka jini, don haka mai shan Milo ko Bournvita kullum ba ya buƙatar ƙwayar asfirin da likita ya ɗora shi a kai. Masu faɗin haka ba ƙarya suka ƙirƙira ba. Gaskiya ce suka ja ta fiye da tsawonta.

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke manne wa juna su toshe rauni. In suka yi haka a jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna cewa sinadarin filabanol na koko yana rage wannan mannewar. Har nan, mun yarda.

Sai dai tasirin na 'yan sa'o'i ne. Asfirin kuwa, in ya taɓa ƙwayar jinin, ta nakasa ke nan har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10. A 2022 aka fitar da sakamakon gwajin COSMOS a Amurka: mutum sama da 21,000, rabinsu suna haɗiyar miligiram 500 na filabanol kullum fiye da shekara uku. Raguwar cututtukan zuciya gaba ɗaya ba ta kai yadda za a kafa hujja da ita ba, ko da yake mace-macen zuciya sun ragu a cikinsu.

To, wannan ma tsantsar sinadari ne a kafso. Abin da mai shayi ke zuba mana fa? Hatsin da aka tsirar, sukari, madara, sai koko ɗan kaɗan, shi ma sarrafawa ta cinye yawancin filabanol ɗinsa, ga gwangwanin madara da cokulan sukari a kai. Mai hawan jini ko ciwon suga, a yankin da ciwon ƙoda ya riga ya addabi mutanen Bade, ba abin da zai kira magani ba ne wannan.

Baba, Alhaji, a sha shayi lafiya. Amma wanda likitan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ya rubuta wa asfirin ko wani maganin tsinka jini irin wafarin, kada ya ajiye sai shi likitan ya ce.