ABIN DA KE SA MAƁALLI YA ƁUYA A FUSKAR KWAMFUTA

Sau da yawa akawu yakan zauna gaban kwamfuta yana aiki, ya danna jerin umarni domin ya adana abin da ya wuni yana rubutawa, sai jerin ya sauko amma rabinsa ya shige bayan wani hoto ko taswira. Wani lokaci kuma saƙon gargaɗi ne zai fito a ƙarƙashin wata taga, na'ura ta tsaya cik tana jiran amsa, shi kuwa bai ga tambayar ba. Da yawa sukan kashe na'urar don haushi, aikin wuni guda ya salwanta. Alhali kuwa maɓallin nan bai tafi ko'ina ba, yana nan, an dai rufe shi ne.

Asalin maganar shi ne, fuskar kwamfuta shimfiɗa ɗaya ce, ba ta da zurfi. Tagogin da ake gani kamar takardu a kan tebur, wata bisa wata, dabarar zane ce kurum. Na'ura takan yi irin aikin mai fenti, watau ta fara shafa na can baya, sa'an nan ta bi da na gaba, wanda aka shafa a ƙarshe shi ido zai gani. An ƙago wannan tsari a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka cikin shekarun 1970, kwamfutar Macintosh kuwa ta kai shi hannun jama'a a 1984. Shi kansa Windows na farko, na 1985, jera tagoginsa yake yi gefe da gefe, sai a 1987 suka fara hawa juna.

Harshen Java, wanda kamfanin Sun ya fitar, misali ne mai kyau na yadda matsalar ke tasowa. Kayan zanensa na farko, da ake kira AWT, sun fito a 1996, kuma kowannensu yana da tagarsa ta kansa daga tsarin da ke tafiyar da kwamfutar. Shi ya sa ake ce musu masu nauyi. A 1998 aka shigar da sababbin kaya masu suna Swing cikin Java, waɗanda ba su da tagar kansu, a jikin tagar uwa ake zana su, don haka ake ce musu marasa nauyi. To, da aka haɗa iri biyun nan wuri guda, sai ya zamana mai nauyi kullum shi ne a sama, komai umarnin da aka bayar, tamkar allo da aka jingina a bango ya rufe rubutun da ke jikinsa. An shafe fiye da shekara goma ana fama da wannan, sai a 2009 aka kawo gyara a cikin Java 6. Duk da haka masana suna ba da shawara kada a gauraya su sai dole.

Mai neman gyara dai tambayoyi huɗu ya kamata ya yi bi da bi. Ta farko ita ce wadda aka ambata: shin akwai mai nauyi a cikin marasa nauyi? In akwai, a musanya shi, ko kuwa a umarci jerin umarnin ya riƙa fitowa a tagarsa ta kansa.

Ta biyu, a wane hawa aka ajiye abin? Swing yana da wani mazubi mai suna JLayeredPane wanda ke da hawa-hawa kamar bene. Kaya na yau da kullum suna lamba 0, akwatunan kayan aiki 100, tagogin da ke tsare mutum sai ya ba da amsa 200, jerin umarni 300, abin da ake ja da linzami kuwa 400. Mai babbar lamba shi ne a sama. A nan akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa. Java yana da hanya biyu ta rubuta lamba, int da Integer. Wanda ya ba da lambar hawa a matsayin int lokacin da yake zuba kaya, na'ura za ta ɗauka gurbi yake nufi a cikin layi, ta bar abin a hawan ƙasa, kuma ba za ta yi masa ko tari ba.

Ta uku, an ba abin girma? Shi wannan mazubi ba ya shirya kaya da kansa. In mai rubutu bai faɗi faɗi da tsawo da wurin zama ba, girman abin sifiri ne, yana nan amma ba mai ganinsa.

Ta huɗu, shin abin ya cika alkawarinsa? Kowane kaya yakan sanar ko zai shafe filinsa kaf, ko kuwa za a riƙa hango na bayansa. In ya ce zai shafe kaf, Swing ba zai ɓata lokaci wajen zana na ƙarƙashi ba. Idan kuwa ya bar wani gefe bai shafa ba, sai a ga burbushin tsohon zane, rabin rubutu ko inuwar maɓalli, ya maƙale a wurin. Maganinsa shi ne a sa shi ya shafe filin tukuna, ko a janye alkawarin.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka gwanaye sukan ba kowane hawa launi dabam na ɗan lokaci, ja da kore da shuɗi, su riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Shi kuma ma'aikacin ofis, kafin ya kai hannu ga makunni, ya fara matsar da tagogi ko ya danna Alt da Tab tare, domin sau da yawa tambayar da na'ura ke jiran amsarta tana ɓoye a baya. In abin ya ci gaba, ya ɗauki hoton fuskar yadda take, ya rubuta abin da ya danna kafin hakan ta faru, ya miƙa wa masu gyara.