Goge Suna Ba Ya Ɓoye Mutum

Mutane da yawa sun ɗauka cewa muddin aka goge sunan mutum da adireshinsa daga takarda, to, asirinsa ya rufu ke nan. Wani bincike da aka yi a Amurka a shekarar 1997 ya nuna cewa ba haka al'amarin yake ba.

A wancan lokaci hukumar inshorar lafiyar ma'aikatan jihar Massachusetts ta bai wa masu bincike bayanan jinyar ma'aikata da iyalansu, kimanin mutum 135,000. An cire sunaye da adireshi, amma an bar abubuwa uku: ranar haihuwa, da jinsi, da lambar yankin gidan waya.

Latanya Sweeney, wata ɗaliba mai nazarin kwamfuta a jami'ar MIT, ta sayi rajistar masu zaɓe ta garin Cambridge da ke jihar a kan dala 20. A nan ne gwamnan jihar, William Weld, yake zaune. Rajistar tana ɗauke da sunaye tare da waɗannan abubuwa uku. Da ta gwama takardun biyu, sai ta tarar mutum shida ne kacal suke da ranar haihuwa irin ta gwamnan. Uku ne maza, kuma a cikinsu shi kaɗai ne yake zaune a yankinsa. Ta haka ta zaƙulo bayanan jinyarsa.

Sirrin abin lissafi ne mai sauƙi, wanda malami zai iya gwadawa a aji. A ninka kwanaki 365 da shekaru 80, sannan a ninka da biyu saboda maza da mata, za a sami gurabu 58,400. Idan aka rarraba mazauna unguwa mai mutum 10,000 a cikin waɗannan gurabu, yawancinsu kowa zai tsinci kansa shi kaɗai a gurbinsa. Sweeney ta ƙiyasta daga ƙidayar 1990 cewa abubuwan nan uku sun isa a gane kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa. A 2006 Philippe Golle ya sake lissafin da ƙidayar 2000, ya sami kashi 63. Ko da an ɗauki ƙaramin adadin, ya zarce rabin jama'a.

Intanet ta ƙara sauƙaƙa wannan gwamawa. Ɗalibin da ya sa ranar haihuwarsa a Facebook, ya sa hotonsa da kayan makaranta, sannan ya ba wata manhaja lambar wayarsa, yana ganin kowanne ƙaramin abu ne. Amma ɗan damfara tattara su yake yi, har ya kira iyaye da bayanin da zai sa su gaskata shi.

A Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta bai wa mutum haƙƙin sanin abin da aka tara game da shi, da neman a gyara ko a goge. Sai dai abin da ya riga ya bazu, da wuya a tattaro shi. Saboda haka kafin ɗalibi ya cike kowane gurbi a intanet, ya kamata ya tambayi kansa: shin wajibi ne a ba da wannan bayani? Kuma idan aka haɗa shi da wanda aka bayar jiya, me zai tona? Su ma malamai su kula da jerin sunayen ɗalibai mai ɗauke da ranakun haihuwa, kada a riƙa watsa shi ba tare da buƙata ba.