Tamale: A duba abin da manhaja ke nema kafin a sauke ta

A kasuwar Aboabo da ke Tamale, wayar ɗan kasuwa ita ce asusunsa, a cikinta kuma lambobin abokan cinikinsa suke, daga Kumasi har Yamai. Waɗannan lambobin ne manhajojin ba da rance marasa lasisi ke kwaɗayi. Da an ba su izini sai su kwafe lambobi da hotuna, in biya ya yi jinkiri su aika wa dangi da surukai saƙon tozarci. A 2023 hukumomin Ghana sun kama ɗaruruwan mutane kan wannan harka, Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna.

Manhajojin hira ma ba ɗaya ba ne. WhatsApp yana kulle saƙonni, amma kamfanin Meta na tattara bayanan yadda ake amfani da shi. Signal kuwa kusan lambar waya kaɗai yake riƙewa, sai dai dole abokin ciniki ma ya sauke shi. Wajen bincike, DuckDuckGo ba ya ajiye tarihin abin da mutum ya nema.

Dokar Ghana ta 2012 ta ba wanda aka cuta damar kai ƙara Hukumar Kare Bayanai. Ana kuma samun hukumar tsaron intanet a lamba 292.