Duba Kafin Ka Rufe: Abin da Bayan Gida Ke Faɗa Game da Lafiyar Ciki

Maganar bayan gida magana ce da kunya ta yi wa katanga, amma kuwa shi ne ke fara kawo labarin abin da ke faruwa a ciki. Yawansa da taurinsa da launinsa duk saƙo ne. Wani saƙon gyaran abinci yake nema, wani kuwa asibiti.

Mene ne daidai?

Ba dole ne kowa ya zaga kullum ba. Daga sau 3 a rana zuwa sau 3 a mako duk lafiya ne, muddin yana fita da laushi, ba yunƙuri, ba ciwo. Abin lura shi ne sauyi daga yadda mutum ya saba.

Idan ya yi tauri

Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci. Iya daɗewar bahaya a ciki, iya bushewarsa. Shi ya sa taurin bayan gida ya yawaita ga 'yan kasuwa. Mai ɗaukar kaya daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, yakan rage shan ruwa, ya riƙe bahaya don rashin masai, ya wuni a kan burodi da shayi. Ƙwayar tramol ma tana ƙara ɗaure ciki. Yawan yunƙuri kuma shi ke tayar da basir.

Maganin yana cikin kasuwa: wake, gero da dawa waɗanda ba a surfe dusarsu duka ba, zogale, rama, kuɓewa, kuka, gwanda da mangwaro, tare da wadataccen ruwa mai tsabta. Idan ciki ya kira, a amsa.

Idan ya yi ruwa

Bahaya mai ruwa sau 3 ko fiye a rana shi ne gudawa. Haɗarinta ƙarewar ruwan jiki, musamman ga yara. A narka ƙunshin ORS 1 a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba tozo. A ba yaro ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14, kada a daina ba shi nono da abinci.

Launi

Kore bayan cin ganye ba abin damuwa ba ne. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki shi ma yana baƙanta bahaya. Amma waɗannan alamu ba sa jiran a tashi kasuwa:

• Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, da amai: alamar kwalara ce, tana iya kisa cikin awoyi. A fara shan ORS tun a hanya.
• Jini da majina da murɗar ciki: atini ne.
• Baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai wari ƙwarai: jini ne daga tumbi, sau da yawa gyambon ciki ko yawan shan maganin ciwon jiki.
• Fari kamar farar ƙasa, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu: matsalar hanta ko madaciya.
• Tsutsa a bahaya, ko yaro mai gudawa ya kasa shan nono, idonsa ya faɗa.
• Sauyin da ya wuce makonni, tare da rama ko jini, musamman ga mai shekaru: a bincika, kada a ce basir ne kawai.

A je asibitin da ya fi kusa, ko ta wane ɓangaren iyaka yake, a faɗa wa ma'aikacin lafiya launi da yawa da ranar da abin ya fara. Bayan an zaga ko an wanke wa yaro, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko kayan sayarwa.